Tsince-tsincen Baba

Matar mai shagon kusa da gidanmu ce ta kawo min maganar har wajen ɗinkina. Ta zo da yadi a leda kamar ɗinki ne ya kawo ta, amma daga yadda ta ɗosana a bakin benci tana ta gyaran mayafi na san bakinta ne ke ƙaiƙayi. Ta tambayi yara, ta tambayi maigidan, saura kaɗan ta tambayi lafiyar keken ɗinki. Sannan ta rage murya.

"Auta, ba gulma ba, amma ku duba Babanku. Ya fara tsince-tsince."

Kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce mutum ya fara tsince-tsince. Ba a faɗar haka a kan mai cikakken hankali. Na ji kamar ta watsa min ruwan zafi a fuska. Na miƙa mata yadinta, na ce ɗinki ya yi min yawa, ta gwada gaba. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba.

Babanmu mai gyaran agogo ne. Ya tsufa a rumfarsa ta bakin kasuwa, da gilashin nan a ido ɗaya, har wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar. Mama ta rasu bara waccan, ya rage shi kaɗai a gidan. Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Yaya na can wani gari mai nisa, ni ce a kusa, ni nake leƙa shi, ni nake sayo masa maganin hawan jini in ajiye a kan rediyonsa. Ban taɓa ganin wani abu a tare da shi ba, in ban da maimaita labari, wanda tun muna yara yake yi.

Kafin in rufe shago Yaya ya kira ni. Ashe matar nan ba ni kaɗai ta kai wa yadi ba. Ya ce ranar Asabar zai zo da mota, an riga an gyara wa Baba ɗaki. Na san ɗakin. Yana saman bene, tagarsa ɗaya, gidan kuma da get da maigadi, ko ɗan Yaya ba ya leƙa titi sai a mota. Na tuna masa abin da Baba ya faɗa bayan rasuwar Mama, cewa gidan nan sai dai a fitar da gawarsa. Na ɗaga masa murya, abin da bai kamata ba. Yaya mutum ne mai sanyi, ya bar ni na gama.

"Ba rigima nake nema ba," ya ce. "Ke ce kusa da shi. Ki duba da idonki. In na zo, abin da kika ce shi za a yi."

Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki gidan Baba ɗungurungum ya ɗora min a ka.

Daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Na ɗinka wa wata hannun riga a baibai, na farke, na sake mayar da shi yadda yake. A gida in zauna in tashi, in buɗe firij in rufe ban ɗauki komai ba. Maigidan ya ce in dai zan ci gaba da kaɗa ƙafa haka, gara in koma kan keke, ko ba komai a samu riga. Ban yi dariya ba. Shi ma ya san inda matsalar take: ɗaki biyu muke ciki da yara huɗu, ko Baba ya yarda ya dawo wurinmu babu inda zai sa haƙarƙarinsa.

Da sassafe na je na laɓe a bayan rumfar mai faci, ni da girmana. Baba ya fito da farar hularsa, da wata jakar buhu a kafaɗa. Ya kulle ƙofa, ya ja ta ya tabbatar, ya kama hanya idonsa a ƙasa. A gaban shagon lemo ya sunkuya ya kwashi marafan kwalba. Bai zuba su gaba ɗaya ba, sai da ya juya kowanne a tafin hannu, ya yar da wasu. Ya wuce ƙarƙashin manyan itatuwan bakin makaranta, ya dinga tura busassun kwasfa da ƙafa, ya ɗauki wannan ya kaɗa a kunne, ya bar wancan. A bakin kwata ya tsuguna ya zaro gutsuren faranti mai zanen shuɗi, ya goge a gefen jakar. Wasu mata biyu suka wuce shi, ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta da gwiwar hannu. Kunya ta kama ni, sai kuma na ji haushin kaina da na ji kunyar.

Ina biye da shi daga nesa har ya zagayo ta layin masu walda. Can ya tsaya, ko juyowa bai yi ba.

"Auta, tun daga wajen mai faci nake jin takalminki. In rakiya ce zo ki riƙe jakar."

Na zo na karɓa. Jakar da nauyi. Muka dawo gida yana ba ni labarin yadda masu walda ke ajiye masa guntayen waya, kamar ba yanzu ya kama ni ina bin sawunsa ba. Da muka shiga sai ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Mama, wanda na ɗauka yana kulle tun ranar da muka raba kayanta. Ya buɗe ya ce in shigo.

Gadon Mama na nan, amma sauran ɗakin ban gane shi ba. Gwangwanayen madara ne jere a kan kanta, kowanne da abin da ke ciki: marafan kwalba ja daban, kore daban, gutsattsarin faranti, maɓallan riga, ƙananan duwatsu masu santsi, ƙwallayen 'ya'yan itace. Tsohon teburinsa na rumfa yana bakin taga, da filaya da almakashi da kwalbar gam, da gilashin idon nan nasa. A bango kuwa abin kallo ne. Ga madubin Mama da ya tsage a gefe, ya zagaye shi da gutsattsarin faranti shuɗi da fari har tsagewar ta koma kamar da ita aka zana. Ga furanni na kwasfa da ya buɗe ya ɗaure a kan waya, tsakiyarsu maɓalli. Ga wani zakara da aka haɗa da tsofaffin cokula, ƙirjinsa marafan kwalba da aka daddaka suka baje, jelarsa hannayen agogo. Zakaran ya ɗaga kai irin na masu raina mutane. Na ce wannan ai mai gidan hayarmu ne. Baba ya yi dariya har da tari.

Ya zaunar da ni ya nuna min yadda yake yi. Duk abin da ya shigo daga titi sai ya kwana a ruwan sabulu. Kwasfa da ƙwallaye sai ya gasa su a cikin yashi mai zafi, in ba haka ba ƙwari za su fito daga ciki su cinye aikin. Gefen faranti yana goga shi a dutse don kada ya yanki mai taɓawa. Kuma yana da doka guda, wadda ya ce daga rumfa ya taho da ita. A gyaran agogo ba a cire ƙarfe daga agogo mai rai, sai daga matacce. Haka nan ma, duk abin da ke da sauran amfani ba ya shiga aikinsa. Cokalin da za a iya cin abinci da shi yana da rai, sai wanda ya karye. Ya ce har wani yaro ya taɓa kawo masa sabon maɓalli a kati, ya mayar masa.

"Sai abin da ya mutu," ya ce. "Shi ne ba mai nemansa, kamar ni da sana'ata."

Na ce ya daina irin wannan magana. Amma hankalina ya kwanta, na ga Baba lafiyarsa ƙalau. Na fito tsakar gida na yi kuka kaɗan, na gode wa Allah, sannan na fara tsara abin da zan gaya wa matar mai shago in mun haɗu. Na kira Yaya na ce ya zo ɗin, amma ya zo da bakin ba da haƙuri.

Ana gobe zai zo na rufe shago da wuri na tafi gyaran ɗakin. So nake Yaya ya shigo ya rasa ta cewa. Na share, na goge madubi, na jera gwangwanaye. A bayan ƙofa akwai wani babban allon katako da Baba ya lulluɓe da tsohon zani, ya ce bai gama ba shi ya sa bai nuna min ba. Na matsa masa har ya yaye.

Bishiya ce. Gindinta ɓawon itace na gaske, rassanta murɗaɗɗiyar waya, ganyenta kuma fari ƙal kamar azurfa, yana ɗaukar ido in hasken taga ya sauka. Na matso in ga ko da me ya yi. Katin magani ne. Ya yanka kowane gurbi ya fitar da siffar ganye, ya manna shi a kife, gefen mai ƙyalli yana waje. Ya ce da an bar su da sun tafi bola, ga shi ciwo ma ya yi rana.

Ni tela ce, idona ya saba da ganin inda abu ya bambanta da ɗan'uwansa. Ganyen rassan ƙasa duk da huda a tsakiya, inda aka ɓallo ƙwayar, kamar tsutsa ta ci. A tsakiyar bishiyar sai na ga jefi-jefi wasu lafiyayyu, sumul. Rassan sama kuwa kusan babu mai huda. Na kai farce na danna ɗaya. Ledar ta fashe, farar ƙwaya ta leƙo.

Na danna wani. Shi ma haka.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na tambaye shi ina maganin da na kawo, ya ce ya sha mana, ai kullum yana sha. Na je kan rediyo, kwalin na nan, ciki wayam. Na dawo na nuna masa ƙwayar a tafin hannuna. Ya ɗauko gilashinsa ya saka a ido, ya bi bishiyar daga ƙasa zuwa sama, a hankali, yadda yake bin cikin agogo. Sannan ya zauna a bakin gadon Mama. Ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba.

"Na ɗauka matattu ne," ya ce.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce bai sani ba. Ya ce wani lokaci yakan tsaya a tsakar gida da buta a hannu ya rasa ko shiga zai yi ko fitowa ya yi, amma abin yakan wuce. Bai gaya wa kowa ba saboda ya san inda maganar za ta ƙare. Bai roƙe ni komai ba, kuma rashin roƙon ya fi yi min ciwo.

Ni ce na yi ta zuba. Na ce ba komai, tsufa ne, kowa na mantuwa, ni da nake ɗinka hannu a baibai fa? Na ruga kemis na sayo sabon magani, na ba shi ya sha a gabana. Na ce daga yanzu kullum zan biyo da safe kafin in buɗe shago, ba sai Yaya ya ji ba. Na so in tafi da kwalin, sai na tuna akwai na yamma, kuma na kasa kallon idonsa in raba shi da maganinsa kamar ƙaramin yaro. Na mayar kan rediyo. Na ce bari in ciccire masu ƙwayar daga allon, ya riƙe min hannu, ya ce aikinsa ne, kafin gobe zai cire su ya cike gurbin da wani abu.

Na koma gida da zuciya biyu. Na dafa abinci na manta gishiri, na daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ɗauki waya zan kira Yaya na ajiye ya fi a ƙirga. In na ce zan faɗa, sai in ga Baba a saman benen nan yana kallon titi ta taga. In na ce zan yi shiru, sai in gan shi kwance a tsakar gida babu kowa. Maigidan ya ce in gaya masa abin da ke damuna, na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Da safe na makara, ƙaramin yarona ya tashi da zazzaɓi. Ko da na isa motar Yaya na ƙofar gida. Tun daga zaure nake jin dariyarsu. Na same su a ɗakin Mama, Yaya riƙe da zakaran cokula yana juya shi, bakinsa har kunne, Baba kuma ya sha sabuwar riga yana ta bayani. Yana gaya masa zancen yashi mai zafi, yana gaya masa dokar agogo mai rai da matacce, muryarsa garau. Da Baba ya gan ni ya ce ga 'yar leƙen asirin nan ta iso, a ba ta wuri.

An riga an yaye zanin. Na kalli bishiyar. Bai cire ko ɗaya ba. Guda biyun da na fasa jiya kawai aka sauya, kuma reshen sama na dama, wanda jiya yake tsirara, yau ya cika da ganye sumul, gam ɗin ko gama bushewa bai yi ba. Na leƙa falo. Kwalin na kan rediyo, a buɗe.

Na nemi idon Baba ko zan ga alamar wani abu, ko da kunya ce, ko roƙo. Babu komai sai murna. Hirarmu ta jiya, da zamansa a bakin gado, da abin da ya faɗa min da bakinsa, duk sun tafi. Ni kaɗai ke ɗauke da su.

Yaya ya ajiye zakaran ya durƙusa, ya ce Baba ya yafe masa, ya biye wa maganar mutane. Ya ce wanda ya iya wannan aiki ai ya fi mu duka natsuwa, kuma ba shi da niyyar raba shi da gidansa. Har ya fara zancen zai aiko da gam mai kyau da fitilar tebur. Baba ya dafa kansa ya sa masa albarka. Sannan Yaya ya juyo wurina, don shi mutum ne mai cika magana.

"To, Auta. Na ce abin da kika ce shi za a yi. Me kika ce?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Baba da gidansa, kuma Yaya ya riga ya share min hanyar faɗarta. Na ji haushin Yaya da ya tambaya, na ji haushin Mama da ta tafi ta bar ni da wannan, na ji haushin idona da ya iya gani. Sai na kama hannun Yaya na kai yatsansa kan sabon reshen.

"Danna," na ce.

Ya danna. Ƙwayar ta faɗo ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya dube ni, na nuna masa rassan ƙasa, na ɗaga yatsa a hankali zuwa sama. Yaya ba ya buƙatar dogon bayani. Na ga murmushin yana sauka daga fuskarsa.

Baba ya taso da faɗa, ya ce wane irin sakarci ne wannan, mun zo mu ɓata masa aiki. Ya ture hannun Yaya, ya saka gilashi zai gyara ganyen. Ya daɗe a sunkuye. Muna tsaye a bayansa, babu mai motsi. Na ga yatsansa ya bi ganye ɗaya, ya bi na kusa da shi, ya tsaya. Jiya na kalli wannan abu sau ɗaya, yau ga shi ina sake kallonsa daga farko, kuma ni na jawo.

Ya cire gilashin ya ajiye a tebur. Bai kalle ni ba. Ya tambayi Yaya ko a can wurinsa ana barin mutum ya fita da safe, ya ɗan zaga.

Yaya bai iya ƙarya ba, tun yana yaro. Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

"Ana bari, Baba," na ce. "Kullum ma."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani. Ya gyaɗa kai ya ce to, Allah ya yi mana albarka.